Barcin Kawuna da Na Ba Ɗan Shinkafi

Ba zan ce ni sanannen marubuci ne ba. Idan na faɗi haka na yi ƙari, kuma akwai waɗanda suka san gaskiya da za su iya karanta wannan. Abin da zan iya cewa ba tare da tsoron a ƙaryata ni ba shi ne, an yi wasu 'yan shekaru da in ka shiga mota daga Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ka bi hanyar Zurmi, da wuya ka sauka ba ka ji an ambaci wani ɗan littafi da na rubuta ba. Ba dabarata ce ta jawo hakan ba. In ban yi kuskure ba, tsorona ne ya jawo shi.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya ɗauke mu ya riƙe. Ma'aunin hatsi ne a kasuwar Ƙaura, dogon mutum, siriri, wanda ba ya yawan magana a gida. Shi ya sa ni makarantar boko lokacin da maƙwabta ke ganin ɓata yaro ne. Ranar da zan tafi jami'a shi ya ɗauki akwatina a ka har tashar jirgi, ya hana 'yan dako taɓawa. Tun ina yaro ba abin da nake tsoro kamar in ga fuskarsa ta canza saboda ni. Har na girma na yi aure, wannan tsoron bai bar ni ba.

Da na gama karatu na dawo gida na kama koyarwa a wata sakandare. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a ba mu jiha ba tukuna. A shekarun ne ƙananan littattafan labari suka fara shigowa garinmu daga manyan birane, ana shimfiɗa su a bakin tasha, 'yan makaranta da matan aure suna rububinsu. Na karanta kamar goma, na ce a raina ai ni ma zan iya, tunda ga ni da digiri. Na zauna na rubuta nawa kamar yadda na ga ana yi: saurayi mai mota, gidan bene mai lambu, birnin da ban taɓa kwana uku a jere a cikinsa ba. Na kai wata ƙaramar maɗaba'a a Gusau aka buga.

Matata ce ta fara karantawa. Ta kai shafi na biyar ta ajiye ta koma tankaɗe.

Na ce, "Ba ki gama ba."

Ta ce, "Na gama. Ai na san ƙarshensa. Ba a filin jirgin sama za su shirya ba?"

A nan kuwa suka shirya. Littafin ya zauna a ƙarƙashin gadonmu har gara ta fara sha'awarsa. Wata rana na sayi ƙosai a bakin makaranta, na ga an naɗe mini shi da babi na bakwai. Ban ga laifin mai ƙosan ba. Takardar tana da kauri, kuma ba ta saurin jiƙewa da mai.

Bayan wannan na yi niyyar barin rubutu, kuma da na bari da ba don wata hira ba. Wata ranar Juma'a da hantsi na je gaida mahaifiyata, na tarar ita da matata suna tsintar wake suna dariya har da share hawaye. Labarin Kawu take ba ta, wanda na sha jin gutsi-gutsinsa tun ina yaro, amma ban taɓa jin sa daga farko har ƙarshe ba sai ranar.

Wai yana saurayi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ana lodin hatsi a tashar jirgin Ƙaura. Ya gama awo, ya yi sallar azahar, ya sha fura ya ƙoshi. Sai ya ga inuwa a cikin wani tarago da aka kusa cikawa da buhuna. Ya tuɓe takalmansa a ƙasa, ya hau, ya yi matashi da tiyarsa, kwanon da yake awo da shi, ya ce bari ya ɗan miƙe baya. Aka rufe tarago ba wanda ya leƙa. Bai farka ba sai da jirgi ya wuce Gusau, ba a kuwa buɗe ƙofa ba sai a Zariya. Ya sauko ba takalmi, ba ko anini, ba wanda ya sani, sai tiya a hannu. Ya tambayi hanyar kasuwar hatsi. A can ya ɗebi gero daga buhun wani attajiri, ya tauna ƙwaya biyu, ya faɗa masa ƙasar da aka noma shi da shekarar da aka yanke shi. Attajirin ya riƙe shi kwanaki yana yi masa awo, sannan ya sallame shi da sabbin takalma da hula. A gida kuwa an tsinci tsofaffin takalmansa a bakin layin dogo, an nema har an gaji. Ranar da ya dawo ya tarar da mutane zaune a ƙofar gida ana ta jaje. Ya yi sallama, ya zauna a cikinsu, ya tambaya wa aka rasa.

Da ta gama, mahaifiyata ta dube ni ta ce abin da ta saba ce mini tun ina ƙarami: "Kai dai kada ka kuskura ka tada maganar jirgi gaban Yaya."

Ni kuwa a iya fahimtata, abin kunya ne. Babban mutum, wanda ake girmamawa a kasuwa, a ce ya taɓa yin barci a bakin aiki har aka yi safararsa kamar buhu. Ban taɓa jin ya ambata ba ko sau ɗaya. Na ɗauka sirrin gida ne.

Amma labarin ya ƙi barina. Da aka ba mu hutu na zauna na rubuta shi cikin makonni kaɗan, abin da ban taɓa yi ba. Ban buɗe littafin kowa ba. Na san warin buhun gero da rana ta dake shi, na san yadda ma'auni ke share bakin tiya da gefen hannu, na san yadda 'yan dako ke zolayar juna. Na bar mutanen ciki suna magana kamar yadda muke yi a nan, ban gyara musu baki ba. Inda labarin mahaifiyata ya yi giɓi na cike da nawa. Matata ta karanta har ta ƙona miya, wannan kuwa shi ne yabo na farko da na taɓa samu.

Sai tsoro ya zo. In Kawu ya ji na tona masa asiri a takarda fa? Na kwana biyu ina tunanin in yaga. Daga baya na ga akwai hanyar tsira: in ɓad da kamanninsa. Na mai da mutumin ɗan Shinkafi da ya zo Ƙaura cin kasuwa. Kawu dogo ne, na mai da shi gajere. Kawu ba ya barin gemu, na ba shi gemu har ƙirji. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na ƙara gabatarwa mai shafi uku, ina rantsuwa cewa labarin ƙirƙira ne, duk wanda ya ga ya yi kama da shi ko da wani nasa, dacewa ce kawai, kuma ina neman afuwa tun kafin a ji haushi. Mai maɗaba'a ya duba ya ce, "Malam, ban-haƙurin naka ya fi babi na ɗaya tsawo." Na ce a bar shi haka.

Da littafin ya fito ban san yadda zan yi da shi ba. Kunya ta hana ni kai wa masu shimfiɗa a tasha, don sun san yadda na farko ya ƙare. Wanda ya cece ni wani abokina ne da muka yi firamare tare, direban bas mai zuwa Shinkafi kullum, wani lokaci ya yi lodin Zurmi. Tun da na tafi jami'a yake kirana Farfesa, ban kuma taɓa iya hana shi ba.

Ya ce, "Farfesa, kawo su nan. Rediyon motata ya mutu, fasinja sai gardamar siyasa suke min. Ko banza su sami abin da za su yi da bakinsu."

Ya jera su a gaban gilashi. Dabararsa ita ce, da mota ta fita gari sai ya tambaya wa ya iya boko. Ba a rasa malamin firamare ko ma'aikacin asibiti ko ɗalibi. Sai ya miƙa masa littafin ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji, amma ya tsallake shafuka ukun farko. Hanyar Shinkafi a lokacin, da ramukanta da tsaye-tsayenta, tana cin kusan rabin littafin. Ana isa daidai inda aka buɗe tarago a Zariya, sai direba ya taka birki ya ce an iso, kowa ya sauka. Mai son jin ƙarshe sai ya saya ya kai gida a karanta masa. Ina zargin yana rage gudu ko ya ƙara don a isa daidai wurin, amma bai taɓa amsa mini ba.

Bayan 'yan makonni ya same ni a ƙofar makaranta yana murmushi.

Ya ce, "An ga mutuminka."

Na ce, "Wane mutum?"

"Mai barcin tarago. Yana nan Shinkafi, bakin 'yan hatsi, yana sai da buhunan da ba kowa ciki da zaren ɗinki. Gajere, ga gemu har nan. Yanzu ko shayi ba ya saye, ba shi ake yi. A Zurmi ma wani ya ce kakansa ne, sai dai kakan ya rasu, ba a iya tambayarsa."

Dole in faɗi gaskiya: daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, labari ya sami mai shi, Kawu ya tsira, ni ma na tsira. Ranar har na ƙara cin tuwo.

Kwanciyar hankalin ba ta daɗe ba. Na je gaida Kawu da safe kamar yadda na saba, ya amsa da "lahiya" guda ɗaya, ya ci gaba da jan carbi. Washegari ma haka. Rana ta uku ya aiko in same shi a rumfarsa bayan la'asar. Na tafi ina ta jera kalmomin ban-haƙuri a zuciya. Na tarar da shi zaune kan buhu, abokan sana'arsa uku suna gefe suna yi kamar ba saurare suke ba. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "An ce ka yi littahi."

Na ce, "Wani ɗan abu ne, Kawu, ba wani abin kirki ba. Kuma ƙirƙira ce, na ma rubuta a gaba cewa…"

"Wa yay yi barcin?"

Na fara gyara zaman hulata.

"Tambayarka nikai. Wa yay yi barci cikin tarago?"

Na ce, "Kai ne, Kawu. Don Allah ka gafarce ni. Na yi iya ƙoƙarina kada kowa ya gane kai ne."

Ya ce, "To ai ƙoƙarin naka ya yi. Ba wanda yag gane." Ya gyara zama. "Ni nay yi barcin nan. Ni nat tashi Zariya ba takalmi. Ni anka yi ma zaman jaje ina da raina. Shekara nawa ina riƙe da abina, kai kuma rana ɗaya ka ɗauke shi ka kai ma ɗan Shinkahi. Da izinin wa?"

Ɗaya daga cikin abokansa, wani mai ƙiba da ke ɗinke bakin buhu, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Kyauta ma ya ba su. Ko tukuici ba su aiko ba."

Sai a lokacin na ji yadda abin ya faru. Kawu ya shiga motar abokina zai je kasuwar Shinkafi. Aka fita gari, wani malami ya fara karatu. Kawu yana jin fura, ya ji tarago, ya ji an tuɓe takalma, sai ya ɗaga hannu ya ce wa mutane ai shi ne. Motar ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Baba, kowa ma haka yake cewa." Mai karatun kuwa ya buɗe shafin ya nuna masa, ko da yake Kawu ajami kawai yake karantawa, ya ce, "Ga shi nan a rubuce, mutumin gajere ne mai gemu. Kai kuwa kanka na taɓa rufin mota." Duk rantsuwar da ya yi ba wanda ya yarda, tunda ga abu a takarda. Direban ya san shi sarai, amma ya yi shiru yana tuƙi, don a cewarsa bai taɓa jin daɗin hanya kamar ranar ba. Da suka isa, har nuna wa Kawu mai buhunan aka yi daga nesa, aka ce ya je ya gaishe shi ya ga na gaske.

Kawu ya ce, "Ga takarda ta ce ni gajere na. To je ka. Kada ka sake tako min gida sai ka maido man barcina inda ka ɗauke shi."

Bai ɗaga murya ba, amma ban taɓa jin magana mai nauyi irin wannan daga bakinsa ba. Na wuce wurin mahaifiyata kai tsaye, na ce ai ita ta ce kada a tada maganar jirgi a gabansa. Ta dube ni, ta dubi matar Kawu da ta zo mata yini, suka fashe da dariya.

Ta ce, "Don in ya fara ba ya tsayawa. Tuwo ya huce, miya ta daskare, baƙo ya rasa hanyar tashi. Duk kasuwa ba wanda bai ji shi sau goma ba."

Na ce, "To ni me ya sa ban taɓa ji daga bakinsa ba?"

Ta ce, "Kai da yake riƙo? Ya zauna ya ba ka labarin wautarsa? Da kunya mana. Duk bokon nan naka ba a koya muku wannan ba?"

Ba a koya mana ba, ko kuma an koya ranar ban je ba.

Na ce zan sake buga littafin in gyara, amma abokina direba ya ce wannan ba zai wadatar ba. Mutanen Shinkafi sun riga sun karɓi mutumin, in takarda ta biyu ta zo da wata magana za su ce Ƙaura ce ta yi hassada. Dole a je can a warware a gaban jama'a. Ni dai ban so ba. Na hango rigima, na hango 'yan sanda, na hango takardar kora daga wurin aiki. Na rubuta wasiƙar ban-haƙuri kashi biyu, ɗaya ga mai buhuna, ɗaya ga sarkin kasuwa, na sa a aljihu. Kawu kuwa da aka gaya masa, sai ya sa aka wanke masa babbar riga.

Ranar kasuwar Shinkafi muka tafi. Kawu na gaba kusa da direba, tiyarsa a kan cinya, ni ina can baya tsakanin wani mai kaji da buhun gishiri. Abokina ya riga ya baza labari tun kwana uku, don haka muna isa bakin 'yan hatsi muka tarar da taro. Mai buhuna yana zaune kan tabarma, gajere, gemu har ƙirji, kamar daga littafina ya fito. Har ni sai da na ɗan yi shakka.

Wani dattijo daga cikin dillalai ya ce abin mai sauƙi ne. Littafi ya ce mutumin yana tauna gero ya faɗi inda aka noma shi. A kawo gero. Aka sa su biyun suka juya baya, aka ɗebo daga buhuna uku aka zuba a faifai uku.

Aka fara da mai buhuna. Ya ɗiba daga na farko, ya watsa a baki, ya tauna a hankali yana lumshe ido. Jama'a suka matso.

Ya ce, "Gero ne." Ya ƙara taunawa. "Kuma da daɗi."

Kawu ya matso. Ya ɗauki ƙwaya biyu kacal, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya sa a haƙoran gaba.

"Wanga na wajen Katuru na. Na bana. An yi saurin yanka shi, da an bar shi kwana goma da ya fi haka."

Mai geron ya ce haka ne, tsuntsaye suka matsa musu.

Ya ɗauki na biyu. "Wanga na ƙasar Zurmi. Ya shekara biyu cikin rumbu, kuma rumbun na ɗigo ta gabas."

Wani daga baya ya ce, "Ta gabas ɗin ma ka sani?"

Kawu ya ce, "Ta gabas ruwa ka bugowa. In ta yamma yake ɗigo, a sake magini."

A na uku ya daɗe. Ya tauna, ya tofar, ya sake ɗauka daga wani gefen faifan. Sannan ya ce, "Wanga biyu na. Rabi na nan, rabi daga ƙetaren iyaka. Mai shi ya haɗa su da kyau, Allah shi ƙara basira." Mai geron ya rufe fuska da hula yana dariya, abokansa suna dukan bayansa.

Mai buhuna ya tashi, ya kama hannun Kawu da hannu biyu. Ya ce, "Alhaji, ni fa ban taɓa cewa ni ne ba. Su sunka ce ni ne, ni kuwa ban iya musu da mutane da yawa. Jirgin ma ban taɓa shiga ba. Abin da ke damuna, yanzu wa zai ba ni shayi?"

Kawu ya ce shayinsa na ranar kasuwa ya koma wuyansa, muddin zai riƙa gaya wa mutane gaskiya. Daga nan aka ba Kawu buhu ya zauna, wani ya ce to a ji daga bakin mai shi. Ranar na fara jin labarin jirgi daga bakinsa, ina tsaye a bayan taro inda yake iya yi kamar bai gan ni ba. Mahaifiyata ba ta yi ƙari ba. Aka yi la'asar aka dawo bai kai Funtuwa ba.

Da ya gama, wani ya tambaya wa ya rubuta littafin. Kawu ya nuna ni da haɓa.

"Ga shi can, mai laɓewa. Ɗan ƙanwata na. Ya iya rubutu, hankali dai ne da saura."

Mutane suka juyo kaina. Ban taɓa shiga irin wannan ba. Wani malamin makaranta ya miƙo nasa littafin ya ce in sa masa hannu, na rasa abin da ake rubutawa, na rubuta "na gode" na sa kwanan wata kamar takardar ofis. Wani mai raƙuma ya ce shi ma raƙuminsa ya taɓa kai shi wani gari yana barci, in zo in rubuta. Wata mai fura ta ce ban faɗi ko furar wa Kawu ya sha ba, kuma tana da dalilin zaton ta uwarta ce. Wasiƙun ban-haƙurina suka dawo gida a aljihu, sun jiƙe da gumi.

Daga ranar littafin ya daina buƙatata. Labarin gwajin gero ya riga mu isa Ƙaura, ya kai Zurmi kafin mako ya zagayo, kowa kuma ya ji sai ya nemi littafin da ya jawo abin. Masu shimfiɗa a tasha da nake jin kunyarsu suka zo har makaranta suna nema. Daga baya aka karanta shi a rediyo kashi-kashi, ɗalibai kuma suka gayyace ni in yi musu magana kan yadda marubuci ke yin suna. Na tsaya a gabansu. Na ce ban tabbata ba, amma a iya abin da na gani, littafina na farko na kowa ne, shi ya sa ba wanda ya kula da shi. Na biyu kuwa na wani ne, har aka yi faɗa a kan ko na wane ne. Wani ɗalibi ya tambaya ko dole sai an ɓata wa kawu rai. Na ce ba na ba da wannan shawarar.

Saura sharaɗin Kawu, don gwajin gero bai buɗe mini ƙofar gidansa ba. Ya ce baki daban, takarda daban. Na yi kwanaki ina zuwa rumfarsa da biro, ina karanta masa shafi-shafi yana gyarawa. Aka mai da mutumin ɗan Ƙaura, aka aske gemu, aka ƙara masa tsawo. Inda na rubuta cewa ya zauna a tashar Zariya ya yi hawaye, Kawu ya ce a cire, bai yi ba. Na ce wurin yana taɓa zuciyar mai karatu. Ya ce to mai karatun ya yi kukan da kansa. Da muka zo kan gabatarwa ya saurari shafi ɗaya, ya tambaya wa nake ba haƙuri. Na ce kowa da kowa. Ya ce a cire duka. Na roƙi a bar mini layi ɗaya, ya ce a'a. Har yau in na ga bugun na biyu ina jin kamar na fita ba hula.

Mutanen Shinkafi ba su yafe mini gaba ɗaya ba. Wasu sun adana bugun farko, suna cewa shi ne na asali kafin a sa baki. Ba na musu da su.

Ranar da sabon bugu ya iso daga Gusau, na ɗauki na saman ɗaurin na nufi gidan Kawu da azahar. Na tsaya a zaure na yi sallama, ban shiga ba. Ya fito, ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya ce in karanta layin farko. Na karanta: wani dogon saurayi, ma'aunin hatsi a kasuwar Ƙaura. Ya ce in sake. Na sake. Ya sa littafin cikin tiyarsa, ya juya ya shiga, sannan ya ce daga ciki, "Kana nan tsaye kamar baƙo? An zuba tuwo."

Muka zauna. Na kai loma ta farko baki ke nan, ya ce akwai abin da ya manta bai gaya mini ba game da attajirin Zariya. Matarsa ta leƙo daga ɗaki, ta dube ni, ta ɗauki kwanon miya ta mayar kan wuta.

Har aka ba mu jiha, har yau ma in na je tasha, ba kowa ya san sunana ba. In an so a nuna ni sai a ce, ga ɗan ƙanwar mai barcin tarago. Na yi wasu littattafan bayan wannan, ina ganin ɗaya ko biyu ba su da laifi, amma sunan bai canza ba, ni kuma ina amsawa.